Leda Ba Ta Zama Taki

'Yan'uwa manoma, in rani ya tsaya, an kwashe amfanin gona, iska kuma ta fara kaɗawa, duk wanda ya duba gonar da ke kusa da gari ko bakin hanya zai ga abin da ba shi ya shuka ba. Baƙar leda ta maƙale a kututturen dawa, farar ledar ruwa ta kwanta a kwarin kunya, takardar alewa da ta magi mai ƙyalli sun taru a gindin shinge. Yawancinmu mukan ɗauka wannan ƙazanta ce ta birni, aikin gwamnati ne da masu shara. Amma birni ba shi da inda zai ajiye ta. Iska da ruwa da motar shara duk wuri ɗaya su ke nufa da ita, watau jeji da gona, inda dabbobinmu ke kiwo, inda mu kuma mu ke neman abinci. Saboda haka zancen abin da a ke ƙunsa abinci da shi zance ne na manomi, ya kuwa isa a kawo shi gaban taron ƙungiya.

Waɗanda suka manyanta cikinmu sun san yadda a ke zuwa kasuwa dā. Mace takan ɗauki ƙwaryarta da faifai, ta sa kwalbar manja da ta kananzir cikin kwando. Namiji ya rataya sanho, ko ya ɗora wa jaki mangala. Goro cikin ganyen fita ya ke zuwa daga Kudu, a huhu. Alale a ganye a ke dafa shi, ko a gwangwanin madara da aka wanke, gwangwani ɗaya kuwa sai ya shekara yana aiki. Ko lemon kwalba, sai ka kawo kwalba ko ka ajiye kuɗinta kafin a ba ka. In kun lura, kayan nan iri biyu ne. Akwai wanda a ke komawa da shi gida a sake aiki da shi, akwai kuma wanda in an yar, akuya ta ci ko gara ta cinye, ya koma ƙasa. Jujin wancan zamani taki ne tun daga sama har ƙasa.

Ba cewa na ke yi kome na dā ya fi na yanzu ba. Abinci a buɗe ƙuda na binsa, ƙura na sauka a kai. Ruwan leda, in na kirki ne, ya fi wa matafiyi ruwan kududdufi nesa ba kusa ba. Leda ba ta da nauyi, ba ta yoyo, mai kanti kuma kyauta ya ke bayarwa. Abin da ya sa ta ci kasuwa ke nan.

Daga man fetur da gas a ke yin ta. A Ingila aka gano irin robar da a ke yin leda da ita cikin shekara ta 1933, jakar leda mai hannu biyu kuwa wani kamfani na ƙasar Suwidin ne ya yi mata rajista a 1965. Ruwan leda bai bazu a Nijeriya ba sai cikin shekarun 1990. Ashe baƙuwa ce, ƙasa ba ta san ta ba. Ganye ko kara in ya faɗi, akwai gara da tana da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ne ke cinye shi su mai da shi taki. Leda ba abincinsu ba ce. Rana takan gasa ta ta yi rauni, ta kakkarye ƙanana ƙanana har ido ya daina ganinta, amma tana nan cikin ƙasa. Masu bincike a Amurka sun yi lissafi a 2017, suka ce robar da duniya ta ƙera tun wajen 1950 ta kai tan miliyan 8,300, kuma cikin wadda aka gama aiki da ita kashi 9 cikin 100 ne kaɗai aka narkar aka sake yin wani abu da ita. Kashi 12 an ƙone, sauran yana jibge a juji ko yana yawo a ƙasa da ruwa.

Mu bar lissafin duniya, mu yi namu. A ce ƙauye mai gida 200, kowane gida yana shigo da leda 5 a yini: ta magi, ta gishiri, ta ƙosai, ta ruwa, ta garin sabulu. Leda 1,000 ke nan a yini, 365,000 a shekara. Kowa ya san 5 ma an rage. Ba kuwa motar shara da ke zuwa ƙauyen.

Abin da ke cikin tumbin akuya

Hasarar da ta fi saurin taɓa aljihunmu ta dabbobi ce. Saniya da tunkiya ba su tauna abinci sosai a karon farko. Sukan haɗiye ne, ya sauka cikin tumbi, daga baya su kwanta su yi tuƙa. Ledar da aka ƙunsa ƙosai ko alale ko gishiri tana ɗauke da ƙanshin mai da ɗanɗanon gishiri. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, dabba kuma tana jin yunwa da ƙawar kanwa, ba ta wuce irin wannan leda. Ko akuya, da ta fi su zaɓen abin da za ta ci, takan haɗiye. In ta shiga tumbi ba ta narkewa, yawanci kuma ba ta wucewa gaba. Ta yau ta tarar da ta jiya, su nannaɗe da igiya da tsumma da zaren buhu, su dunƙule su yi tauri, su tare wurin da abinci zai zauna.

Alamun ba su fitowa da wuri, abin da ya sa cutar ke ruɗin mutane ke nan. Dabba tana ɗan cin abinci amma tana ramewa. Gashinta ya tashi, ƙashin baya ya fito, ciki kuwa ya yi girma, in ka danna gefen hagu ka ji tauri. Kashinta ya ragu. Mai shayarwa nononta ya janye, mai ciki ta haifi ɗa marar ƙarfi ko ta yi ɓari. Mai ita ya sayi maganin tsutsar ciki, ya sake saye, ya yi allura, ya ba da jiƙo, duk a banza. Ku ji da kyau: babu maganin sha ko allura da ke narkar da leda a cikin dabba. Likitan dabbobi yana iya tsaga tumbi ya fitar da ita, akan kuwa yi haka domin saniya mai daraja ko bijimin noma, amma ga akuya sau da yawa kuɗin aikin ya kusa kuɗinta. Ƙarshenta sai a sayar wa mahauci da araha. Wanda ke shakka ya je mayanka ranar kasuwa ya tambayi mahauta abin da su ke fitarwa daga tumbi. Sa'ad da ƙasar Muritaniya ta hana leda a 2013, mutuwar shanu da tumaki a babban birninta na cikin manyan dalilan da hukuma ta bayar.

A gidajenmu akuya ita ce bankin mace. Da ita a ke biyan kuɗin makaranta, da ita a ke kai yaro asibiti. Don haka ƙungiyoyin mata ya kamata su fi kowa riƙe wannan magana. Rigakafin ba mai tsada ba ne. A ajiye harawa da ƙaiƙayi da dusa tun da kaka domin dabba kada ta fita da yunwa, a rataya mata gishirin lasa ko a ba ta kanwa, a ɗaure ta a turke ranar kasuwa da washegari. Ledar da ta taɓa abinci kuwa kada a jefa ta a tsakar gida ko bayan danga.

Takin bola

Manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin darajar sharar birni. Tun kaka da kakanni jakuna ke shiga birni da itace da kara, su fito da taki a mangala, da wannan ne kuwa a ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Masu lambu a kewayen Jos su ma sun saba sayen tokar bola ta gari domin kabeji da karas da latas. Dabara ce mai kyau, gama abin da birni ya ci daga gona yana komawa gona.

Yau wanda ya sayi mota guda ta takin bola ya san abin da ya ke samu. Leda, fasassun kwalabe, gwangwani, tsofaffin batura, wani lokaci har da allurar asibiti. Ya biya kuɗin mota a kan kayan da ba taki ba, ya kuma biya yara su tsince, ba kuwa za su tsince duka ba. Wadda ta rage takan shiga ƙasa da huɗa. Ledar da ke binne tana tare saiwa, tana hana ruwa sauka daidai, sai ka ga tsiro ya tsumbure a wuri ɗaya alhali na kusa da shi ya yi kyau. Tana naɗe bakin garma. Wanda ke noman gyaɗa ko dankali ko doya, abin da ke girma cikin ƙasa, ya fi kowa jin haushinta. Batura kuwa sun fi leda haɗari, domin dafin da ke cikinsu yana tsiyaya cikin ƙasar da a ke shuka ganyen miya.

Shawarata ga mai sayen takin bola ita ce kada ya watsa shi kai tsaye. A jibge shi a gefe ɗaya na gona, a tankaɗe da raga irin ta masu yashi, a ware abin da ba taki ba kafin a baza. Raga ɗaya ta ishi ƙungiya, a riƙa karɓa bi da bi.

Wani zai ce ai sai a ƙone. Mutane da yawa ma da leda su ke hura wutar girki, musamman da damina in itace ya jiƙe. Hayaƙin roba dafi ne, mace da yaron da ke goye a bayanta su ne ke shaƙarsa kowace safiya. Ƙaiƙayi ko busasshen totuwar masara ko ɓawon gyaɗa da aka adana a wuri busasshe za su yi wannan aiki. Haka kuma zuba koko ko tuwo mai zafi cikin leda, ko dafa alale a cikinta, ba dabara ba ce. Ba domin wuta aka yi ta ba, baƙar ledar nan kuwa sau da yawa daga tsohuwar roba da aka narkar a ke yin ta, ba wanda ya san abin da ta ɗauka dā.

A gari kuma leda ce ke toshe magudanar ruwa. Ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin haihuwa, in an yi ruwa mai ƙarfi ya shiga gidaje. A Akra, babban birnin Gana, ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai inda mutane suka fake, fiye da mutum 150 suka rasu, toshewar magudanai na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Irin wannan dalili ne ya sa Bangaladash ta hana leda marar kauri tun 2002. Ruwanda ta hana a 2008. Kenya ta bi a 2017 da doka mai tsanani, har ɗaurin shekara 4. Maƙwabtanmu Nijar da Kamaru su ma suna da dokar hani tun 2014, Jihar Legas kuma a Janairu 2024 ta hana farar robar nan mai kama da soso wadda a ke zuba shinkafa a ciki wajen biki. Inda hukuma ta tsaya da gaske, kamar Ruwanda, an ga bambanci. Inda aka rubuta doka aka bar ta a takarda, leda na nan a kasuwa kamar dā. Ko ta yaya, ban ga ranar da ɗan sanda zai zo ƙauyenmu yana duba kwandon cefane ba.

Ba kowace roba ce abokiyar gaba ba

A nan ina so mu yi hankali, kada ƙin leda ya kai mu ga wata hasara da ta fi girma. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na abincin da a ke nomawa a duniya ba ya shiga bakin kowa, kimanin tan miliyan 1,300 a shekara. A ƙasashen masu arziki yawanci a kanti da kan tebur a ke zubarwa. A wurinmu tun a gona da rumbu da kan hanyar kasuwa ya ke lalacewa. Buhun wake da ƙwaro ya cinye, ba waken kaɗai ya tafi ba. Takin da aka sa, da guminka na wata huɗu, da ƙarfin da ƙasa ta bayar, duk sun tafi tare da shi. Mazubin da zai tsare wannan buhu ya cancanci kuɗinsa ko da na roba ne.

Ga misali buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da na Kamaru ne suka fara gwada dabarar a wajen Marwa, a arewacin Kamaru, tun ƙarshen shekarun 1980, aka kuma shiga yaɗa ta sosai a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu saƙaƙƙe a waje. In an cika an ɗaure, iska ba ta shiga. Ƙwaron da ke cikin waken shi da kansa zai shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan ya daina ci, ya daina haihuwa, ya bushe ya mutu. Ba a sa magani ko kaɗan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama zuba maganin ƙwari cikin wake ya sha kwantar da iyali duka a asibiti, shi ne kuma ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015.

Amma buhun yana da sharuɗɗansa, wanda ya karya su kuwa zai ce buhun ƙarya ne. Na farko, hatsi ya bushe sarai. In kana shakka, sami busasshiyar kwalba, zuba busasshen gishiri kaɗan da hatsin, rufe, ka girgiza, ka bar ta ta ɗan jima. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a mayar shanya. Kafin a zuba, a hura kowace leda a danna a ji ko tana da huji. A matse iska, a murɗe bakin ta ciki a lanƙwasa a ɗaure ita kaɗai, sa'an nan ta biyu ita kaɗai, sa'an nan na waje. Masu ɗaure ukun a haɗe su ne ke kuka daga baya. A ɗora a kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa kowane mako a ɗebi na miya. Na ci kullum a ware shi dabam. In an kula da shi, buhu ɗaya yana yin kaka uku ko fiye. In ya huje ma bai mutu ba, sai ya koma shimfiɗar shanya ko rufin kaya. Duro ko jarka mai murfi da ke rufuwa gam, in an cika ta har baki, aiki ɗaya ta ke yi.

Haka zancen tumatir. Kwandon gargajiya yana ruɓewa ya koma ƙasa, gaskiya ne. Amma in an jera kwando bisa kwando a babbar mota daga Kano ko Jos zuwa Legas, na ƙasa shi ke ɗaukar nauyin na sama, tsinken kwandon kuma yana soke tumatir, kafin a isa ruwa na tsiyaya daga mota. Akwatin roba mai ramuka yana ɗaukar wajen kilo 25, in an jera su akwati ne ke zama a kan akwati, tumatir bai san da nauyi ba. A wanke shi, a sake lodi, shekara da shekaru. Wahalarsa ita ce tsada da kuma dawo da shi wofi daga kasuwa, abin da manomi ɗaya ba zai iya ba amma ƙungiya za ta iya.

To, ga ma'aunin da ni ke auna kowane mazubi da shi: sau nawa zai yi aiki, me ya ke tsarewa, ina kuma zai kwana in ya gama? Ledar ƙosai aikin minti goma ta ke yi, ta shekara aru aru a gona. Akwatin tumatir da buhu mai riɓi uku roba ne su ma, amma suna biyan bashinsu.

Akwai mazubi ɗaya tak da ba a sake aiki da shi ko da sau ɗaya, watau galan ko kwalbar maganin feshi. Na sha ganin an zuba manja ko nono ko ruwan sha na zuwa gona a ciki, wai an wanke da toka. Dafin yana shiga jikin robar, wanki ba ya fitar da shi duka. In magani ya ƙare, a ɗauraye galan sau 3, kowane karo a juye ruwan cikin tankin feshi, sa'an nan a huda gindinsa da wuƙa domin kada wani ya tsinta ya kai gida. Buhun takin zamani ma kada a zuba gari ko hatsin ci a cikinsa.

Inda ƙungiya ta fi mutum ɗaya

Yawancin ledar da ke shigowa gidajenmu ta ƙananan saye ce: gishirin yau, sukarin yau, man miyar yau, garin sabulu ɗan ƙunshi. Ba wanda zai zargi mai saye, abin da ke hannunsa ke nan. Amma in ka tara kuɗin ƙananan ƙunshin nan na wata guda ka gwada da farashin buhu ko jarka, za ka ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ke saye da tsada. Ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗi ta sayi takin zamani a dunƙule, me zai hana ta sayi buhun gishiri, buhun sukari, jarkar mai da katan na sabulu? A sa rana ɗaya a wata, kowa ya zo da kwanonsa da kwalbarsa, a auna masa da mudu a gaban kowa, ma'aji ya rubuta. An sami rangwame, leda kuma ba ta shigo ba. Sai dai a zaɓi mai awo wanda kowa ya yarda da shi, kada kuma a fara da bashi, domin bashi ya kashe kantin ƙungiya fiye da ɗaya.

Sai manyan taruwanmu, inda a ganina mu ke da abin gyara ƙwarai. Ku duba filin ekklisiya washegarin taron zumuntar mata, ko bikin aure, ko Kirsimati. A ce mutum 1,000 sun yi kwana 3, kowa ya sha ruwan leda 4 a yini. Leda 12,000 ke nan, watau jaka 600 mai ɗaukar ashirin ashirin, duk da kuɗi aka saya, da an watse kuma awakin unguwa ne ke shigowa filin. Iyayenmu sun yi taro da ya fi wannan da randuna da moɗa. Ba na ce a koma moɗa ɗaya ga mutum ɗari ba, wannan hanyar cuta ce. Amma duro mai famfo da ruwa mai tsabta, kowa kuma ya zo da kofinsa da kwanonsa kamar yadda ya ke zuwa da tabarmarsa, abu ne da kwamitin taro zai iya sa wa cikin takardar gayyata. In ba makawa sai an sayi ruwan leda, a rataya buhuna a kowace kusurwa, a sa matasa su lura, domin ledar ruwa in tana da tsabta an tara ta wuri ɗaya tana da amfani.

Amfaninta na farko a wurin renon itatuwa ne. A yanke bakin, a huda gindi wuri uku ko huɗu, a cika da ƙasa da taki, a shuka zogale ko darbejiya ko gwaiba ko kashu. Ƙungiya ba ta bukatar sayen baƙar ledar reno. Ranar dashe a tsaga ledar a cire, a mayar cikin buhu, kada a binne ta tare da dashen. A wasu manyan garuruwa kuma masu sayen kayan bola suna karɓar robar lemo da ledar ruwa a kan kilo. Kuɗin ba shi da yawa, ba zai biya motar mutum ɗaya ba, sai dai in an tara na wata da watanni a ɗora a motar da ke kai amfanin gona. A ƙauyen Njau na ƙasar Gambiya, inda awaki ke mutuwa saboda leda, wata mace mai suna Isatou Ceesay da 'yan'uwanta mata suka fara a 1997 suna wanke leda, su yanka ta siri siri, su saƙa jakunkuna da ƙwarashi su sayar. Matanmu da suka iya saƙar hula da faifai ba za a koya musu wannan sau biyu ba. Ba zai cinye ledar ƙauye duka ba, kada mu ruɗi kanmu, amma yana rage ta, yana kuma kawo ɗan kuɗin sabulu.

A gida kuwa gyaran duka yana farawa da raba shara biyu tun daga bakin murhu. Buhu ɗaya a rataye a inda akuya ba ta kai, domin leda da roba da gwangwani. Sauran duka, ɓawon doya da na rogo, toka, sharar tsakar gida, kashin kaji da na awaki, ruɓaɓɓen tumatir, su tafi ramin taki. A haƙa shi a inuwa, zurfin ƙafa 3, a riƙa jera busasshen abu, ɗanyen abu, kashin dabbobi, ɗan toka da ƙasa, a yayyafa ruwan wanke-wanke ya yi laima amma kada ya jiƙe sharkaf. A soka sanda a tsakiya. In ka zare bayan mako guda ka ji ta da ɗumi, aiki na tafiya. A juya bayan mako 3 ko 4, a sake juyawa, cikin wata 3 ya zama baƙar ƙasa mai ƙanshi. Da tsadar da buhun takin zamani ya yi tun daga 2022, ba sai na roƙi kowa ya yi wannan ba.

Za a sami ragowa duk da haka, ledar da ba ta renuwa, ba ta saƙuwa, ba mai saye. Ita ba ta da hanya mai kyau sarai a ƙauye. Abin da ya fi dama shi ne rami ɗaya na unguwa, nesa da rijiya da rafi, a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, a kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi da yara, a riƙa danne abin da aka zuba da ƙasa domin iska kada ta kwashe. Wannan sai da yardar mai unguwa, ya kuma kamata a jawo maƙwabta duka, na ƙungiya da waɗanda ba na ƙungiya ba, gama iska ba ta tambayar ledar gidan wa ta ɗauko.

Lokacin tsintar ledar gona shi ne lokacin sharar gona, kafin ruwan farko. A sa'an nan tana bisa ƙasa, a bushe, ana ganinta. Da an yi huɗa ta shige, sai baɗi in garma ta tono ta. Ƙungiyoyin da ke yin gayya su haɗa wannan da gayyar shara, kowane mai fartanya ya ɗaura tsohon buhu a ƙugu, a fara da gonakin da ke bakin kasuwa da bakin hanya.